Zaren da Ban Ɗinka Ba

Ni tela ne, na san sawun allura,
na san inda zare ya bi ko da an farke shi.
Shi ya sa ranar da Tasalla ta ɗaga hannun yarinyar nan,
tana cikin cuɗa ta a bayan ɗaki,
ta ce, "Malam, zo ka gani,"
abin da idona ya fara gani ɗinki ne.

Daga kafaɗar Batula ya taso,
'yan ƙuraje, ko ƙwayar gero ta fi su,
sun jeru kamar tururuwa ta gano hanyar rumbu,
sun gangaro ta gwiwar hannu, sun ɗan karkace,
suka tsaya daf da farcen babban yatsa.
Hagu kaɗai. Na dama sumul.
Ba zazzaɓi, ba kuka.
Ta cinye tuwonta, ta miƙo kwano,
ta tashi korar 'yan tsaki.

Mu ne muka kwanta ciwon.

Inna Kande ta ce tsaka ce ta bi ta kanta da dare.
Aka fitar da gado, aka zazzage kwalla,
aka kashe tsaka biyu
da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.
Tsalha wanzami ya ce a bar shi ya tsattsaga.
Na dubi askarsa, na dubi hannun,
na ce sai na yi shawara.
An shafa man kaɗanya. An ƙara da toka.
An dafa sabara har tukunya ta rine.
Zare yana nan inda yake.

Da ƙurajen suka kwanta, gurbinsu ya yi fari-fari,
sai kalmar da nake gudu ta fito.
Ba a gabana aka faɗe ta ba, a bakin rijiya ne,
amma na ga wata ta janye ɗanta
daga tabarmar da Batula ke wasa.
Daren nan na kunna fitila, na taka keke,
na ɗinka mata riga mai dogon hannu
a tsakiyar bazara. Allah Ya yafe mini.

Ran kasuwar Shuwarin na sayar da tunkiya,
muka wuce Dutse, uwarta na goye da ita.
Likita ta murza auduga, ta bi layin da ita.
"Kina ji?"
Batula ta ƙyalƙyale, wai cakulkuli.
Aka kira wasu biyu su leƙo,
don ba kowace shekara suke ganin irinsa ba.
Ta faɗi sunansa da Turanci,
kafin mu kai tasha ya zube mini.
Abin da na riƙe shi ne:
"Ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka.
Baƙo ne, da ƙafarsa zai koma.
Wata shida, shekara, wani lokaci ya ɗara."
Na ce, "To, magani fa?"
"Ga mai in ya yi ƙaiƙayi. Saura haƙuri."

Na fito da kuɗin tunkiya a aljihu,
raina bai so ba.
Mutum ya zo da shirin yaƙi, a ce ya je ya zauna!

Aka yanke gero, aka sake yankewa.
Ban san ranar da na daina dubawa ba.
Jiya ina auna ta don kayan Sallah,
na shimfiɗa tef daga kafaɗa zuwa wuyan hannu,
sai na tsaya.
Na juya hannun wajen haske. Na kama ɗayan,
ko na ruɗe ne.
Babu.
Shekara ashirin ina farke ɗinki,
ban taɓa farke wanda bai bar sawu ba.

Inna Kande ta ce aikin sabara ne, ban yi musu ba.
Matar bakin rijiya ta aiko da yadi a yi wa ɗanta wando,
na karɓa.

"Baba, hannuna ya gaji."
Na sake shi.
Na ɗauki alli, na ja layin yanka
can sama, kusa da kafaɗa.